Giram nawa gaiwan ke ci? Daga kasuwar Fangcun zuwa Chengdu

Duk shagon da ka shiga a kasuwar shayi ta Fangcun, ba a fara maganar kuɗi sai an zaunar da kai. Teburin katako ne mai ramuka da ruwa ke tsiyaya ta ƙarƙashinsa, ga buta tana huci a gefe, ga ƙananan finjalai a jere, sannan a gaban mai shagon ga wani farin kwanon tangaran mai murfi. Shi ne gaiwan. A bakin Sinawa gai na nufin murfi, wan kuma kwano. Kasuwar tana yankin Liwan na birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa sari ke kira Gwanzu, a tsallaken kogin Zhujiang, kuma layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha mai sunanta. Shaguna ne dubbai. Daga nan na kama hanyar da ta bi da ni Chaozhou da Anxi da Wuyishan har ta dire a Chengdu, ko'ina na sauka tambayata ɗaya ce: ganye nawa ake zuba wa wannan kwanon?

Abin da kansa ba shi da wani sarƙaƙiya. Kwano ne mai buɗaɗɗen baki, da murfin da ke zama daga ciki ba daga waje ba, da ɗan faranti da yake zaune a kai. Sinawa na kamanta murfin da sama, farantin da ƙasa, kwanon da ɗan Adam a tsakani. Jiƙa ganye a warwatse ya kankama ne bayan shekarar 1391, lokacin da sarkin farko na daular Ming ya hana kawo wa fada curarren shayi, gaiwan kuwa sai a zamanin daular Qing ya game ƙasa. Masu sayar da shayi sun fi son na tangaran, irin na garin Jingdezhen ko farin nan na garin Dehua, saboda ba ya riƙe ƙamshi. Ka ɗauraye shi, ka zuba wani ganyen daban, ba abin da zai biyo baya.

A kowane tebur akwai ɗan sikeli mai batir, bai fi tafin hannu ba, mai nuna har kashi ɗaya cikin goma na giram. Na lura har dattawan da suka shekara talatin a sana'ar sukan ɗora ganye a kansa idan ciniki ne, domin kada a ce an ƙawata shayin da yawan ganye. Cokali kuwa ban gan shi a matsayin ma'auni ba ko sau ɗaya, kuma dalilin a fili yake. Mudun gero da mudun busasshen zogale ba nauyinsu ɗaya ba. Wata mai shago ta nuna mini wannan ba tare da dogon bayani ba: ta auna giram 7 na Tieguanyin, wanda ake murzawa ya dunƙule kamar 'ya'yan wake, ta zuba, da kyar ya rufe gindin kwanon. Ta juye, ta auna giram 7 na farin shayin Shoumei mai faffaɗan ganye, sai ga shi ya yi tozo, murfi ya kasa zama. Nauyi ɗaya, amma ido zai rantse na biyun ya ninka na farko sau huɗu ko biyar.

Kafin ma a zo ga ganye, akwai awon da yawancin masu koyo ke tsallakewa, shi ne na kwanon kansa. Lambar da mai sayarwa zai faɗa maka, a ce mililita 150, sau da yawa awon cikar baki ne, wanda ba wanda ke zuba ruwa har can sai mai neman ƙuna. Ruwan aiki yana tsayawa ne a inda gefen murfi ke taɓa jikin kwano. Hanyar sani mai sauƙi ce, tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne: ɗora gaiwan babu komai a kan sikeli, mayar da shi sifili, zuba ruwa zuwa layin murfi, karanta. Wanda aka sayar mini da sunan 150 ya ba ni 120 da 'yan kai. Da wannan lambar ake lissafi, ba da ta bakin ɗan kasuwa ba. Shi ma sikelin ana iya gwada gaskiyarsa da takardar A4 guda mai lambar 80gsm, irin ta injin buga takardu, domin nauyinta giram 5 ne.

Lissafin da na yi ta ji ana maimaitawa, ko da lambobin sun ɗan saɓa daga tebur zuwa tebur, shi ne raba ruwan aiki. Idan ulong ne, wato shayin da ke tsakanin kore da baƙi irin su Tieguanyin, ko matsattsen shayin nan pu'er, giram ɗaya ga kowane mililita 15, ka ga gaiwan mai 110 zai ci giram 7 da ɗan ɗori. Idan jan shayi ne, wato wanda Turawa da mu muke kira baƙin shayi, ko kuma farin shayi, giram ɗaya ga mililita 20 zuwa 22, ya kama giram 5. Koren shayi shi ne mafi ƙarancin ci, giram 3 ya ishe shi a kwano ɗaya, kuma ba a yi masa tafasasshen ruwa, digiri 80 zuwa 85 yake so, murfi a buɗe ko a ɗan jingine. Mai ƙaramin gaiwan na mililita 60 zai sa wa ulong giram 4, mai babba da ke ɗaukar 150 na gaske sai ya kai 10. Nan ne wasu ke ja da baya, don giram 10 na ganye mai tsada a zama ɗaya ba wasa ba ne. Ni a ganina mai shan shayi shi kaɗai ko su biyu bai da abin yi da kwanon da ya wuce 110.

Fangcun gidan pu'er ne, shayin lardin Yunnan da ake matsewa ya zama kamar faifai, kowane faifai giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Shi awonsa na da tarko. Ana zira tsinken ƙarfe ta gefe, a ɗaga ganyen fale-fale bisa yadda ya kwanta, ba a karya shi kamar ƙuli-ƙuli. Idan giram 7 ɗinka curi ɗaya ne mai tauri, zubi uku na farko za su fito salam, domin ruwa bai shiga ciki ba, sai a na huɗu curin ya buɗe gaba ɗaya shayin ya yi maka dirar mikiya. Idan kuma rabinsa ɓurɓushi ne, ɗaci zai fito tun a zubin farko ya ƙare da wuri. Masu shaguna sukan haɗa ɓallaye biyu ko uku da ɗan sakakken ganye, su ɗauraye da tafasasshen ruwa na daƙiƙa biyar zuwa goma, su zubar, sannan su rufe su bar shi minti guda tururi ya sassauta shi. Nunannen pu'er, wato wanda ake jibgewa da danshi don ya yi saurin nuna, wanda aka fara sarrafawa a birnin Kunming a 1973, wasu sau biyu suke ɗauraye shi saboda warin ƙasa-ƙasa da yake zuwa da shi. A nan na koyi ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu idan an zuba maka, godiyar mutanen Guangdong, lardin da Gwanzu take, ke nan ba sai ka katse hira ba.

Daga Gwanzu zuwa tashar Chaoshan a jirgin ƙasa mai gudu kimanin awa uku ne, sai mota ta ƙarasa da kai Chaozhou. Tsohon gari ne a bakin kogin Han, da gadar Guangji wadda tsakiyarta jiragen kwale-kwale ne a jere. Mutanen nan suna kiran ganyen shayi da sunan da ke nufin shinkafar shayi, kuma haka suka ɗauke shi. Mai gyaran babur, mai sayar da kifi, mai gadin ƙofa, kowa da farantinsa a gefe. Salon jiƙa shayinsu, gongfu cha, ya shiga jerin al'adun gado na ƙasar Sin a 2008. Duk lissafin da na zo da shi daga Fangcun a nan ya sha ruwa, domin su ba su san giram 7 ba. Ƙa'idar tsofaffi ita ce a cika kwano da busasshen ganye zuwa kashi bakwai cikin goma. Na roƙi wani dattijo ya bari in auna abin da ya ɗebo kafin ya zuba. Giram 11 ne, ga gaiwan da bai kai mililita 110 ba.

Yadda ya jera ganyen shi ne abin kallo. Ya zazzage shi a kan farar takarda, ya ware dogaye gefe guda, karyayyu da gari gefe guda. Dogaye ya fara shimfiɗawa a ƙasa, ya zuba garin a tsakiya, ya rufe da sauran dogayen. Hikimar ita ce gari ba zai biyo ruwa zuwa finjali ba, ba zai toshe ƙofar da aka bari tsakanin murfi da kwano ba, kuma ƙarfinsa zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Idan ganyen ya jiƙa yakan haɗe ya zama dunƙule ɗaya a tsakiya, suna kiransa chadan. Ba a zuba ruwa a kansa kai tsaye, ta gefe ake zagayawa, ba a kuma motsa shi da murfi ko a girgiza kwanon. Wanda ya fasa chadan ya saki ɗacin da aka ɗaure, kuma babu gyara. Ruwan yana tafasa ne a 'yar butar yumɓu a kan jan murhu na gawayi, masu hali ma gawayin ƙwallon zaitun suke sawa.

Abin da ya hana giram 11 zama magani shi ne lokaci. Ruwa na shiga, murfi ya share kumfa, ya zauna, sai juyewa. Na ƙirga, daga saukar ruwa zuwa ɗigon ƙarshe bai kai daƙiƙa goma ba. Finjalai uku ne kacal ko mutum nawa ke zaune, a jere kamar duwatsun murhu, kowanne bai wuce mililita 30 ba. Ba ya cika ɗaya ya koma ɗaya, zagayawa yake da sauri a kansu don ƙarfin ya zo daidai, wannan suna ce masa Guan Gong na sintirin gari. Ɗigon ƙarshe, wanda ya fi kowanne kauri, a raba shi ɗaya-ɗaya, shi kuma Han Xin na ƙirga sojoji, su biyun jaruman yaƙi ne na tarihin Sin. Sauran wuraren da na je da kofin adalci suke magance wannan, wato ɗan jug da ake juye shayin duka a ciki kafin a raba. Mutanen Chaozhou na gargajiya ba su damu da shi ba.

A nan ne na gane cewa tambayar tawa rabi ce. Ba a faɗin yawan ganye sai an haɗa da tsawon jiƙo. Ƙamshi da zaƙi-zaƙin ganye suna saurin fita, abubuwan da ke kawo bauri kuwa sun fi jinkiri, sai ruwa ya daɗe a kai. Ganye mai yawa da gajeren lokaci yana kwaso na farkon da yawa ya bar na biyun a baya, shi ya sa shayin ke fita da kauri ba tare da ya ɗaure harshe ba, kuma ganye ɗaya ya ba da zubi takwas zuwa goma sha biyu, kowanne da ɗanɗanonsa. Ganye kaɗan da dogon lokaci yana fitar da komai a kofi ɗaya. Duka biyun hanyoyi ne. Kuskuren shi ne haɗa ganyen Chaozhou da lokacin Turawa, giram 10 na minti uku. Wannan ko maɗaci ya san an fi shi.

Shayin da suke sha, dancong, daga duwatsun Fenghuang yake zuwa, kamar kilomita 40 arewa da gari. Hanya ce mai lanƙwasa tana hawa zuwa Wudong, inda tsofaffin itatuwan shayi suka fi mutum tsawo, har sai da tsani ake tsinkar su. Akwai mai ƙamshin zuma da fure, Milanxiang, akwai kuma wanda sunansa ke nufin ƙamshin kashin agwagwa, Yashixiang, sunan ne kawai, ƙamshinsa na fure ne. Dancong ba ya yafiya. Ga wanda hannunsa bai saba ba, giram 6 zuwa 7 a 110 ya fi masa, da daƙiƙa biyar zuwa takwas a zubi uku na farko, daga nan ya riƙa ƙara biyar-biyar. A tuna kuma cewa agogo yana farawa tun daga zuba ruwa. Mai nawar hannu da ke ɗaukar daƙiƙa goma wajen cikawa da wasu goma wajen juyewa ya riga ya jiƙa na ashirin ko da bai tsaya jira ba, maganinsa ya rage giram ɗaya har hannu ya faɗa. Wani abu da tudu ke koyarwa: ruwa yana rasa kusan digiri ɗaya na tafasa a kowace mita 300 da aka hau. A ƙauyukan da suka haura mita 1,000 ruwa na tafasa ne wajen digiri 96 ko 97, kusan yadda yake a Jos. Don haka suke ɗumama kwano da murfi da finjalai sosai kafin ganye ya shiga.

Anxi, a lardin Fujian, ban daɗe ba. Garin Tieguanyin ne, kuma su sun huta da gardama: ganyen yana zuwa a 'yan ƙunshin leda da aka zuƙe iskarsu, galibi giram 7 kowanne, ƙunshi ɗaya kwano ɗaya. Koren nau'insa a cikin firiza suke ajiye shi. Abin lura kawai shi ne kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Abin da ya rufe gindin kwano da kyar, zuwa zubi na uku ya warware ya cika shi taf. Wanda ya ce bari in ƙara kaɗan don na ga bai da yawa, zai ga murfi na tashi da kansa. Shi zubin farko yakan ɗan fi tsawo, daƙiƙa 15 zuwa 20, don dunƙulen ya samu buɗewa, na biyu da na uku su fi gajarta. Ga wanda ba shi da sikeli, irin wannan ƙunshin ma'auni ne mai kyau: zuba shi a busasshen kwano, ka riƙe a ido inda ya tsaya.

Wuyishan duwatsu ne jajaye masu tsayuwa kamar bango, da kogi na ratsa su, an sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. A wani kwazazzabo mai suna Jiulongke akwai bishiyoyin asali na shahararren shayin Da Hong Pao guda shida a maƙale jikin dutse, waɗanda aka daina tsinka tun 2006. Shayin wannan yanki, yancha, dogayen murɗaɗɗun ganye ne baƙaƙe da aka gasa a kan gawayi, irin su Rougui da Shuixian. A nan ƙunshin giram 8 ne, wani lokaci 8.3. Wannan lamba mai ɗigo ta ba ni mamaki har sai da aka warware mini: ma'aunin kasuwarsu jin ne, giram 500, idan aka raba shi gida 60 sai ya ba da 8.3. Ashe wani ɓangare na abin da ake ɗauka ƙa'idar ɗanɗano lissafin mai ƙulla kaya ne. Amma ya dace da shayin. Giram 8 a 110 yana cika kashi biyu cikin uku na kwano, a zuba masa ruwa yana kan tafasa, a juye nan take. Wanda ya rage zuwa 5 zai sami ƙamshin gashi amma ba zai sami nauyin da ake sayen yancha dominsa ba. Mai sayen jin guda ya san abin da ya saya: zama 60 a kan 8.3, zama 71 a kan 7, zama 100 a kan 5.

A wata masana'anta a gefen gari na ga gaiwan yana wani aikin daban. An jera su kusan ashirin a kan dogon tebur fari, duk girma ɗaya, kowanne da kwanon karɓa da cokali a gabansa. Teburin tantance daraja ne. Ƙa'idar gwajin ulong ta ƙasar Sin ta tsayar da giram 5 a mililita 110, tafasasshen ruwa, minti 2 a zubin farko, 3 a na biyu, 5 a na uku, ana ɗaga murfi ana sansanawa a tsakani. Koren shayi da ja kuwa giram 3 ne a kofin 150. Wannan ba don daɗi ake yi ba, matsa wa ganye ake yi ya tona asirinsa: ƙauri idan wuta ta yi yawa, tsami idan ya sha danshi, ɗanyen wari idan ba a gama sarrafa shi ba. Mai saye zai iya aron dabarar. Bayan zubi biyu ko uku na gaggawa, ka ce wa mai shagon ya bar ɗaya ya zauna minti biyu, suna kiran haka zuobei. Shayi mai kyau zai yi ƙarfi amma ɗacin ya narke ya koma zaƙi a maƙogwaro. Mara kyau zai bar maka harshe kamar ka tauna ɗanyen goro. A nan kuma na sha Jin Jun Mei, jan shayin ƙauyen Tongmu da aka ƙirƙiro a 2005, wanda zallar tsiro ne sirara. Shi giram 3 zuwa 4 ya ishe shi, don ƙananan tsiro suna sakin ƙarfi da wuri.

Alamun an wuce gona da iri ba su da wuyar ganewa. Jiƙaƙƙen ganye ya kamata ya cika kwano ya tsaya daidai ƙasan murfi, a sake, yadda ruwa zai ratsa shi. Idan ya tura murfi sama, ganyen ya yi yawa: ruwan da zai shiga ya ragu, na waje ya dahu na tsakiya bai jiƙa ba, idan ka juye a ƙarshe za ka tarar da wasu a murɗe kamar ba a taɓa su ba, asara ke nan. Har ƙunar yatsa daga nan take samo asali, domin mutum kan ƙara ruwa ya wuce layin murfi don ya sami abin rabawa, bakin kwano ya ɗau zafi, shi kuma nan ne babban yatsa da na tsakiya suke riƙewa yayin da manuni ke danne kan murfi. Idan ganye ya yi kaɗan kuwa, shayin zai fito tsararo, sai a ce bari a ƙara lokaci, a ƙare da ruwa mai bauri mara jiki. Gyaran ana yin sa ne abu ɗaya a lokaci guda. Ya yi ɗaci tun zubin farko, rage lokaci tukuna. Bai daina ba, rage giram ɗaya a zama na gaba. Yana da daɗi amma ya mutu a zubi na huɗu, ƙara giram ɗaya. Kuma kowane zubi a tsiyaye shi tas, a ɗan buɗe murfi. Cokali guda na ruwa da ya rage a gindi zai ci gaba da dafa ganyen ya ɓata zubin gaba.

Jiki ma yana da nasa awon. Busasshen ganyen shayi na ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa, ka ga giram 8 ya tanadi miligiram 160 zuwa 320, kuma ɗaurayewar daƙiƙa biyar ba ta rage wani abin kirki. Mutum uku suka raba, ba komai. Mutum ɗaya ya shanye zubi goma da yunwa, zai ji jiri da rawar hannu da zufa mai sanyi, abin da Sinawa ke kira buguwar shayi. Shi ya sa ba a rasa alewa ko gyaɗa a kan teburinsu.

Wanda ya saba da shayin buta irin na Agadas da Zandar, ganyen da ya sani, dunƙulallen koren nan, shi ma daga ƙasar Sin yake zuwa, yawanci daga lardin Zhejiang. Amma hannun da ya saba ɗibar finjali guda ya tafasa da sukari kada ya kawo wannan awon nan. A gaiwan giram 3 ne, a ɗauraye shi sau ɗaya, ruwa digiri 80, daƙiƙa 20, don ba sukarin da zai rufa wa ɗaci asiri. Ruwan burtsatse mai kanwa-kanwa kuma yana dushe ƙamshi ya bar wani fata-fata a saman kofi. Ƙara ganye ba ya gyara wannan, canza ruwa ne maganinsa.

Chengdu, babban birnin Sichuan, a jirgin sama na isa, kuma a can gaiwan ya koma aikinsa na asali, ya zama kofin sha. A gidan shayi na Heming da ke cikin Lambun Jama'a, wanda ya haura shekara ɗari, kujerun gora ne birjik a ƙarƙashin itatuwa a bakin tafki, masu sakace kunne na yawo suna kaɗa ƙarfensu. Ba sikeli, ba ƙirgen daƙiƙa. Za a kawo maka kwano mai ɗan girma da ɗan ganye a gindinsa, koren shayi ko mai furen yasmin, abin da bai wuce giram 3 ba, da fulas ɗin ruwan zafi. Tunda ganyen zai zauna cikin ruwa har ka tashi, awon ya koma giram ɗaya ga mililita 50. Ka ɗauki farantin da hannu ɗaya, ka tura ganye baya da gefen murfi, ka kurɓa ta ƙofar da ta rage. Dokar da ta maye gurbin sikeli ita ce kada ka shanye. Idan saura kashi ɗaya cikin uku, sai ka ƙara ruwa, ragowar ita ke riƙe ƙarfin kofi na gaba, da haka giram ukun nan zai raka ka daga hantsi zuwa azahar. Tebur ɗin da ke kusa da ni wasu tsofaffi ne huɗu da suka shafe awa uku a kan kwano ɗai-ɗai. Da ɗayansu zai zagaya sai ya ɗora ɗan ganyen bishiya a kan murfinsa don kada a kwashe, da suka tashi tafiya kuma kowa ya kifar da murfinsa a cikin kwano, mai hidima ya zo ya tattara.